Ciki da cutar MS: nazarin lamarin wata mai ciki a Makka

Matar da wannan nazari ya shafa tana da cutar MS (multiple sclerosis), cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Shekarunta 27, haifaffiyar Makka ce, a wajen Misfala ta tashi. Kakanta ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Kano ta hanyar Sudan, bai koma ba. A gida Hausa suke yi, a waje Larabci. Da igama take zaune, wato takardar izinin zama ta baƙi, ba ta da takardar 'yar ƙasa, saboda haka maganinta ya rataya ne a kan inshorar wurin aikin mijinta. Da izininta na rubuta wannan, na kuma sakaya sunanta da na asibitin. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen awon ciki, kuma ni ake kira idan tsofaffin gida sun zo, Larabcin likita ya fi ƙarfinsu.

Tana shekara 22 idonta na dama ya fara ciwo idan ta juya shi, gani ya koma hazo-hazo har mako biyu, sannan ya washe da kansa. Aka ce kambun baka ne. Bayan shekara guda ƙafarta ta hagu ta sage tun daga yatsu har ƙugu, tana jin kamar tafiyar kiyashi, fitsari kuma ba ya jira. A nan ne aka yi hoton MRI, aka ga tabbai a ƙwaƙwalwa da laka, aka ɗebi ruwan baya aka auna. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya ƙara da gwajin jini na aquaporin-4, kuma ya yi daidai, domin da shi ake gano wata cuta mai kama da MS, wato NMO, wadda ta fi yawa a tsakanin masu asalin Afirka, kuma wasu magungunan MS ƙara tsananta ta suke yi. Gwajin ya fito babu. Aka tabbatar MS ce, irin mai tashi ta lafa.

A cutar MS garkuwar jiki ce take afka wa rigar kitsen da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, sai saƙo ya riƙa tafiya da ƙyar ko ya yanke. Ta fi kama mutum tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku, wato tana zuwa daidai lokacin aure da haihuwa. A duniya masu ita sun kai kimanin miliyan 2.8 a ƙididdigar 2020. A Saudiyya, rajistar ƙasa da aka wallafa a 2020 ta nuna kimanin mutum 40 cikin kowane 100,000 na mazauna ƙasar.

An fara ta da allurar interferon beta. Ciwon ya tashi sau biyu duk da allurar, sai aka mayar da ita kan fingolimod, ƙwaya ɗaya kullum. Shekara uku shiru. A cikin shirun nan ta yi aure.

Inda matsalar ta samo asali

Mijin ya sani tun kafin a ɗaura. Uwar mijin ba ta sani ba, kuma dangin amarya ne suka nemi a rufe, don gudun a ce an kawo musu mai shan inna. Likita ya gaya mata ba a ɗaukar ciki a kan fingolimod, ya haɗa ta da ƙwayar tazarar haihuwa, ya ce duk ranar da suka shirya ta zo a sake tsari. Ya faɗa sau ɗaya, a ranar da ya rubuta maganin, tana budurwa. Bayan haka ba wanda ya sake tayar da zancen, kuma ita ma kunya ba ta bar ta ta tayar da shi gaban likita namiji ba.

Shekara biyu da aure babu ko ɓatan wata. Gori ya fara, daga habaici a wajen suna har zancen ƙaro wata a fili. Sai ta ajiye ƙwayar tazarar ba ta gaya wa kowa ba, ta ci gaba da shan fingolimod ɗinta. Cutar MS ba ta rage haihuwa, don haka ba a jima ba ciki ya shiga. Ta gane a mako na 6. Ta duba a waya, ta ga abin da aka rubuta game da maganin da jarirai, a daren ta daina sha. Ranar ganin likitan jijiyoyinta saura wata uku, ta ce sai lokacin.

Daina maganin ba kuskure ba ne. Da ta je asibiti ma abin da za a ce mata ke nan. A 2019 hukumar magunguna ta Turai ta haramta fingolimod ga mai ciki, bayan an ga nakasar halitta a jariran da aka yi cikinsu a kansa ta ninka abin da aka saba gani sau biyu, musamman a zuciya da ƙoda da ƙashi. Abin da aka saba gani kashi 2 zuwa 3 ne cikin 100, saboda haka ko da an ninka, mafi yawan jariran lafiya lau suke fitowa. Ƙa'ida ita ce a daina shi wata biyu kafin a nemi ciki. Inda aka yi asara shi ne shirun da ta yi. Fingolimod yana tsare fararen ƙwayoyin jini ne a cikin kaluluwa, ya hana su fita. Idan aka janye shi ba tare da wani ya maye gurbinsa ba, sukan fito gaba ɗaya, kuma a wasu mutanen ciwon kan dawo fiye da yadda yake kafin a fara magani. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2018, cewa galibi yana faruwa cikin mako 12 na farko.

A mako na 15 na cikin, mako 9 da daina maganin, ta tashi da asuba ƙafar hagu ba ta ɗaukarta. Kafin la'asar hannun hagu ma ya yi nauyi, tana ganin abu ɗaya biyu. Mijin ya ciccibo ta zuwa asibiti, uwarsa na biye, kuma a bakin ɗakin gaggawa tsohuwar ta fara jin sunan cutar. Ni na fassara mata. Ta yi shiru ta saurara, sannan ta ce, "Yanzu ke 'yar nan, abin zai taɓa abin da ke cikin?" Na ce, "Hajiya, ciwon kansa ba ya shiga wurin jariri. Maganin da ta sha a farko ne za a bi sawunsa da hoto." Ba ta ƙara cewa komai ba a ranar. Faɗan ya zo daga baya, tsakaninta da ɗanta, a gida.

An fara auna fitsari da jini, don ciwon mafitsara yana yawa ga mai ciki da mai MS, kuma shi kaɗai yakan tayar da tsofaffin alamu. Babu. Aka yi MRI ba tare da allurar gadolinium mai ƙara fito da hoton ba, tunda ita tana ratsa mabiyiya, shi kuwa hoton kansa ba ya cutar da ciki. Sababbin tabbai suka fito, ɗaya babba a lakar wuya. Aka ba ta methylprednisolone ta ƙarin ruwa, giram 1 kullum har kwana 5. Shi ake zaɓa wa mai ciki saboda mabiyiya tana karya mafi yawansa kafin ya isa ga jariri, saɓanin dexamethasone da ke wucewa kai tsaye. Ganin biyu-biyun ya tafi cikin mako guda. Ƙafar sai da ta ɗauki wata biyu da gashi da atisaye kafin ta ajiye sanda, kuma har yau ba ta koma daidai yadda take ba.

Sai shawarar abin da za a riƙe ta da shi. Glatiramer acetate da interferon beta su ne aka fi sanin lafiyarsu ga mai ciki, amma suna ɗaukar watanni kafin su kama, kuma interferon ya riga ya gaza mata. Likitan jijiyoyi da likitar mata suka zauna suka zaɓi natalizumab, ƙarin ruwa ne da ke hana fararen ƙwayoyin jini tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa. Kafin a fara sai da aka gwada ta don ƙwayar cutar JC, domin mai ɗauke da ita yana cikin haɗarin wani mummunan ciwon ƙwaƙwalwa idan ya daɗe a kan wannan magani. Ba ta da ita. A mako na 20 aka yi babban sikanin, aka dubi zuciyar jaririn da ƙodarsa da kyau, ba a ga komai ba. Bitamin D ɗinta ya yi ƙasa sosai, kamar na mata da yawa a ƙasar nan duk da ranar da muke da ita, tunda daga gida sai mota sai inuwa. Aka ƙara mata shi a kan folik asid. Azumi ya same ta tana wata na biyar. Ta sha, bisa rangwamen da shari'a ta yi wa mai ciki da mara lafiya.

Watannin ƙarshe

Daga wata na bakwai ta zama wata mace daban. Gajiyar da ta saba kwantar da ita bayan azahar ta ragu, tana girki, har ta yi ɗawafi da ƙafarta bayan isha a saman bene inda babu turmutsutsu. Uwar mijin, wadda zuwa lokacin ta huce ta karɓi jinyar da hannu biyu, ta ɗora abin a kan Zamzam da ruƙiyya da habbatus sauda. Mijin kuma, da yake kowane ƙarin ruwa sai ya yi zarya a kan takardun inshora, ya fara tambaya ko akwai buƙatar a ci gaba.

Ban taɓa jayayya da kowa a kan addu'a ba, kuma ban ga dalilin yi ba. Abin da na zaunar da su na gaya musu shi ne wannan sauƙin an san shi, an san lokacin zuwansa, an san lokacin tafiyarsa. Rabin halittar jariri daga uba take, don haka jikin uwa sai ya sassauta garkuwarsa don kada ya yaƙi abin da yake ɗauke da shi. Sinadaran ciki irin su estriol da progesterone suna ta hawa har ƙarshe, kuma cutar da garkuwar jiki ke haddasawa takan lafa tare da wannan sassaucin. Binciken da ya tabbatar da haka shi ne wanda Christian Confavreux na birnin Liyon a Faransa ya jagoranta, aka wallafa a 1998, a kan mata 254 daga ƙasashen Turai 12. Kafin ciki, matsakaicin tashin ciwon 0.7 ne a shekara ga kowace mace. A watanni ukun ƙarshe na ciki ya sauka zuwa 0.2. A watanni ukun farko bayan haihuwa ya hau 1.2, sannan ya koma inda yake a da. Kusan mace ɗaya cikin uku ciwon ya tasar mata a wannan tsakanin. Da mabiyiya ta fita, sinadaran suka faɗi, garkuwa ta farka.

Wannan binciken ne ya sauya abin da likitoci suke gaya wa mata. Har wajen 1950 da yawansu hana mai MS haihuwa suke yi. Yanzu an san ciki ba ya ƙara mata nakasa idan aka duba tsawon rayuwa, kuma cutar ba ta ƙara ɓari ko haihuwar ɗa ba rai, sai dai jariran kan ɗan yi rashin nauyi kaɗan. Amma akwai abin da mai karanta waɗancan alƙaluma ya kamata ya riƙe: an tattara su ne kafin zuwan magunguna masu ƙarfi irin fingolimod da natalizumab. Kariyar da ciki ke bayarwa ba ta isa ta tare dawowar ciwo bayan an janye irin waɗannan ba, kuma matarmu ita ce shaida. Waɗanda jego ya fi yi wa barazana su ne waɗanda ciwonsu ya tashi a shekarar kafin ciki ko a cikin cikin. Tana sahun gaba.

Mijin ya ci gaba da zaryarsa. An yi mata ƙarin ruwa na ƙarshe a mako na 33, aka tsaya, saboda a ƙarshen ciki maganin yana ratsawa zuwa ga jariri sosai, yakan kuma rage masa jini da ƙwayoyin daskarar da jini.

Ta haihu a mako na 38, cikin watan Yuli, da kanta. Danginta sun zo da tunanin dole tiyata za a yi, kuma allurar baya ta kashe zafin naƙuda za ta ƙarasa ƙafar. Duka biyun ba haka ba ne. MS kaɗai ba dalilin tiyata ba ce, allurar baya kuma tun a binciken 1998 aka ga ba ta ƙara tashin ciwon. An yi mata, naƙuda ta zo da sauƙi. Namiji, kilo 2.8. Aka auna jininsa kamar yadda aka tsara, ya ɗan yi ƙasa kaɗan, ya daidaita da kansa cikin makonni.

Jego

Haihuwar fari ce, don haka gidan iyayenta ta tafi wanka. Gwaggonta, wadda duk 'ya'yan gidan ita ta yi musu jego, ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta samo ganyen darbejiya, ta rufe ƙofar banɗaki. A Makka, a Yuli, lokacin da zafin waje ke haura digiri 45. Rana ta uku da fara wankan maijego ta fito tana lalube. Idon dama, wanda ya yi ciwo shekara biyar baya, ya rufe da hazo, ƙafar hagu tana ja. Mahaifiyarta ta kira ni tana kuka. Na ce, "Umma, ku kwantar da ita a ɗaki mai sanyi, ku ba ta ruwan sanyi ta sha, ku jiƙa tawul ku ɗora mata a wuya, ku duba agogo." Kafin awa guda gani ya dawo.

Wannan ba tashin ciwo ba ne. Jijiyar da ta taɓa rasa rigarta tana aiki ne da ƙyar, kuma zafin jiki ko rabin digiri ya ƙaru sai saƙo ya tsaya, har jiki ya huce. Wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya bayyana haka tun 1890, kuma kafin zuwan MRI har da ruwan zafi likitoci suke gwada mutum don gano cutar. Zafin ba ya haifar da sabon tabo. Haɗarinsa a nan shi ne mace mai kwana biyar da haihuwa ta zube a banɗaki kusa da tafasasshen ruwa, ko ƙafa ta ci amanarta tana riƙe da jariri. Ƙa'idar da na rubuta musu a takarda aka manna a jikin firji ita ce: alamar da ta zo da zafi ko gajiya ta tafi da hutu, a lura da ita, wadda ta wuce awa 24 ko sabuwa ce da ba a taɓa gani ba, a kira asibiti a ranar.

Da Gwaggo kuwa sai da aka yi lallami. A wajenta maijegon da ba ta gasu ba ɗanyen jiki gare ta, sanyi zai shige ta, kuma idan wani abu ya faru ita za a zaga. Ban ce mata al'adar banza ce ba, don ba haka nake gani ba. Kwana arba'in da mace ke samu ana dafa mata, ana karɓar mata jariri, ana hana ta aiki, shi ne ainihin abin da mai MS ke buƙata, kuma matan da ba su da dangi a kusa nema suke ba su samu ba. Na ce, "Gwaggo, wankan yana nan, ganyen yana nan, hannunki yana nan. Ruwan kawai za a sirka har ki iya barin gwiwar hannunki a ciki." Ta ce wannan ai wankan jariri ne. Amma ta sirka. Kunun kanwa ma aka rage, tunda likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan kanwa da gashin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Shayarwa ta zo da nata ruɗanin. Uwar miji na tsoron ciwon ya bi nono, mahaifiyarta na tsoron shayarwa ta tsotse ta. Cutar ba ta bin nono. Gadonta ma kaɗan ne: ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ita, haɗarinsa bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ba. Bincike da dama sun nuna shayar da nono zalla na iya ɗan rage tashin ciwon bayan haihuwa, amma ga mai irin tarihinta ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Natalizumab kaɗan ne ke fita a nono, kuma cikin jariri yana narkar da mafi yawansa, saboda haka likitocin suka ce ta haɗa biyun. Kara irin ta ɗan fari ta sa da farko ba ta son ba shi nono gaban manya, sai an fita. Ƙanwarta ce ta zama mai kore mutane daga ɗakin. Ita ce kuma ke karɓar yaron bayan shayarwar tsakar dare, don maijego ta sami barcin awa huɗu a jere.

Tsarin shi ne a mayar da ita kan ƙarin ruwan cikin mako biyu da haihuwa, don kada tazarar da ke tsakaninsa da na ƙarshe ta kai mako 12, inda shi ma janye shi ke dawo da ciwo da ƙarfi. A nan takarda ta kusa ɓata komai. Sabunta igamar mijin ta yi jinkiri, inshora ta tsaya tare da ita, ranar da aka sa ta wuce. Sai da likitan ya rubuta wasiƙa ta biyu da kalmomi masu zafi kafin aka amince. An yi mata a mako na 10 daga na ƙarshe.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki ƙafar ta sake nauyi, wannan karon har kwana biyu, da ɗan zazzaɓi. Suka bi takardar jikin firji suka zo. Fitsari ya nuna ciwon mafitsara. Aka ba ta maganin da ya dace da mai shayarwa, ba a ba ta methylprednisolone ba, ƙafar ta saki da zazzaɓin ya sauka. A wannan zuwan ne na tambaye ta barci da abinci da kuka, ta ce takan zauna ta yi ta hawaye ba dalili, tana ganin ita ta jawo wa yaron haɗari. Ciwon damuwa yana kama kusan rabin masu MS a wani lokaci na rayuwarsu, jego kuma yana ƙara shi, ga shi gajiyarsa tana sajewa da gajiyar cutar har a kasa bambancewa. Aka haɗa ta da likitar da ke kula da wannan ɓangaren, kuma ta amfana.

MRI na wata uku bayan haihuwa bai nuna sabon tabo ba. Yaron yanzu wata tara, yana rarrafe, an sake duba zuciyarsa lafiya. Ita tana tafiya ba sanda, amma idan ta yi nisa ko rana ta take ƙafar hagu tana ja, kuma likita ya gaya mata wannan ragowar tashin mako na 15 ne, mai yiwuwa ya zauna. Da bazarar bana sun yi makonni a Ɗa'ifa wajen dangin mijin, inda tsauni ya sa iska ta fi sanyi.

Suna son na biyu. An saka mata robar mahaifa a yanzu, kuma an yi zaman shawarar da mijin a ɗakin, aka ajiye shekara guda cur ba tashin ciwo kafin a cire. Hanyoyi biyu ne a gabansu: ko ta ci gaba da natalizumab har cikin ciki kamar wancan karon, ana maimaita gwajin JC duk wata shida, ko a mayar da ita kan ocrelizumab ko rituximab, waɗanda ake yi sau ɗaya a wata shida, aikinsu ya daɗe a jiki bayan maganin kansa ya fita, kuma janye su bai cika dawo da ciwo da ƙarfi ba. Teriflunomide da cladribine an cire su daga lissafi, na farkon yana iya kai shekara biyu a jini idan ba a wanke shi ba, na biyun sai an jira wata shida bayan sha. Likitan ya fi karkata ga hanya ta biyu, kuma dalilinsa rabi na likitanci ne rabi na takarda: kwantiragin mijin shekara-shekara ake sabunta shi, kuma maganin da jinkirin wata guda ba ya tayar masa da ciwo ya fi dacewa da gidan da inshorarsa ke iya tsayawa ba sanarwa.